Haruffan Takarda Ma Shaidu Ne: Kada a Yar da Tsofaffin Fayil-fayil

Wanda aka haifa a Keana a 1965, ko da bai taɓa yin nisa da gonakin garin da fadamun gishirinsa ba, ya zauna a ƙarƙashin gwamnatoci masu suna huɗu. An haife shi a Lardin Binuwai na tsohuwar Jihar Arewa, a yankin Lafiya. Yana ɗan shekara biyu, a watan Mayun 1967, gwamnatin Yakubu Gowon ta mayar da shi ɗan Jihar Binuwai-Filato. A Fabrairun 1976 Murtala Muhammed ya raba jihar, Keana ta faɗa Filato. Ranar 1 ga Oktoban 1996 kuma Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Kowane sauyi ya bar sawunsa a kan takardu: sunan da ke saman wasiƙa, hatimin ofis, muƙamin mai sa hannu, har da garin da ake aika kwafi, Kaduna ce ko Jos ko Lafiya. Idan aka kawo shaidar kammala firamare da ke cewa an bayar da ita a Keana a 1979, amma a samanta an buga Jihar Nasarawa, takardar ta tona wa kanta asiri tun kafin a tambayi mai ita.

A kan wannan ƙa'ida ilimin gane takardun jabu ya tsaya. Kowace takarda tana ɗauke da zamanin da aka yi ta, kuma maƙaryaci yana iya tuna kwanan watan da zai rubuta, amma da wuya ya tuna duk abin da babu shi a wancan kwanan wata. Maganar ta zama ta gaggawa tun lokacin da Misis Didi Esther Walson-Jack, a matsayinta na Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ta ɗibar wa ma'aikatu ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin komawa aiki da kwamfuta ba tare da takarda ba. Manufa ce mai kyau, kuma duk wanda fayil ɗinsa ya taɓa yin ɓatan dabo tsakanin hawa na biyu da na biyar a Sakatariyar Tarayya zai yi maraba da ita. Haɗarin yana wuri ɗaya: a ɗauki hoton takarda, a loda a kwamfuta, sannan a ɗauka cewa asalin takardar ta gama amfani. Rabin shaidar da ke bambance takardar gaskiya da ta bogi a jikin takardar take, kuma hoto ba ya ɗauko ta.

A duba yadda tafireta ke rubutu. Kowane harafi yana kan sandar ƙarfe tasa, mai bugu ya danna, sandar ta tashi ta doki ƙyallen tawada, ƙyallen ya doki takarda. Bugu ne na gaske, shi ya sa idan aka juya tsohuwar wasiƙar ɗaukar aiki aka shafa bayanta da yatsa za a ji tudun haruffa, wani lokaci ma ɗigon aya ya huda takardar idan mai laushi ce. Yawancin tafiretocin ofis suna ba kowane harafi fili daidai wa daida, goma ko goma sha biyu a kowane inci, ta yadda siririn “i” da faffaɗan “m” suke cin wuri ɗaya. Saboda haka haruffan layin sama suna tsayawa cak a kan na layin ƙasa, kamar sojoji a fareti, kuma rula kaɗai ta isa a gwada wannan. Yawancin salon haruffan kwamfuta kuwa suna ba kowane harafi fili gwargwadon faɗinsa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsufa. Tafireta biyu da suka fito daga kamfani ɗaya a rana ɗaya, bayan shekara biyar a hannun akawuna biyu, ba za su yi rubutu iri ɗaya ba. A ɗaya, cikin “e” ya toshe da dattin tawada. A ɗayar, “r” ta karkata, “t” ta ɗan haura saman layi, gefen “a” ya guntule. Waɗannan lahani su ne zanen yatsan na'urar, kuma suna ƙaruwa da shekaru. Idan ofis yana da wasiƙun da aka tabbatar an buga da tafiretarsa daga 1984 zuwa 1992, masani zai iya jera su ya ga shekarar da “a” ta guntule. Takardar da ke iƙirarin 1985 amma tana ɗauke da lahanin da bai bayyana ba sai 1990, akwai tambaya a kanta. Ƙarfin hannun mai bugu ma yana fitowa: wani harafin ya yi baƙi ƙirin, wani ya yi dishi-dishi, gwargwadon yatsan da ya danna. Kwamfuta tana da salon haruffa masu kwaikwayon tafireta, amma duk “e” ɗin da ke shafin tagwayen juna ne, kuma bayan takardar sumul yake.

Akwai kuma ƙananan ɗabi'un zamanin. Tsofaffin na'urori da yawa ba su da lamba 1, sai a buga ƙaramin “l” a madadinta. Da yawa ba su da alamar naira, sai akawu ya buga N ya dawo baya ya ɗora mata layi biyu. Naira kanta ranar 1 ga Janairun 1973 ta fara aiki, don haka rasit ɗin sayen gona na 1971 da aka rubuta kuɗinsa da naira ba ya buƙatar dogon bincike. Wanda ya buga wasiƙa da Hausa a irin waɗannan na'urori yakan rasa ƙ da ɗ da ɓ, ko ya bar su ba lanƙwasa ko ya ƙara da biro. Lambar wayar salula a kan wasiƙar 1998 ita ma bankaɗa ce, tunda layukan GSM a 2001 suka fara a Nijeriya, kamar yadda sakamakon NECO na 1997 ba zai yiwu ba, domin a 1999 aka kafa hukumar, a 2000 ta yi jarrabawar kammala sakandare ta farko.

Jabun da ya fi addabar aikin gwamnati bai ma kai ƙirƙirar sabuwar takarda ba. Gyaran tsohuwa ne, a kankare lamba ɗaya a shekarar haihuwa ko ranar fara aiki, a buga wata. Dalili a fili yake: dokokin aiki sun ce ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya mayar da 1961 ta koma 1967 ya sayi shekara shida na albashi, ya kuma tare kujerar da na ƙasa da shi ke jira. Irin wannan gyara asalin takarda ke nuna shi. A ɗaga ta saitin haske, wurin da aka kankare zai fi sauran haske. Lambar da aka ƙara daga baya ba ta zama daidai kan layi, domin ba a iya mayar da takarda cikin tafireta ta koma gurbinta na farko sak. A fotokwafi duk wannan ya shafe, sai baƙi da fari.

Gidan talabijin na CBS a Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa a kan haka. Ranar 8 ga Satumban 2004, ana saura wata biyu zaɓe, ya nuna wasu takardu masu ɗauke da shekarun 1972 da 1973 da ke sukar yadda George W. Bush ya yi aikin soja a Texas. Cikin kwanaki kaɗan masu lura suka nuna cewa idan aka buga kalmomin a manhajar Microsoft Word da salon Times New Roman, ba tare da an taɓa komai ba, rubutun yana hawa kan na takardun kusan harafi da harafi. Abin lura shi ne gidan talabijin ɗin bai taɓa riƙe asalin takardun ba, kwafi kawai aka ba shi, wanda ya kawo su kuma ya ce ya ƙone na asali. An kori mai shirya shirin, an nemi manyan jami'ai uku su ajiye aiki, Dan Rather kuma ya bar kujerar karanta labarai a Maris ɗin 2005.

A Pakistan salon haruffa ɗaya ya shiga tarihin siyasa. A binciken da ya biyo bayan fallasar takardun Panama, Maryam Nawaz, 'yar Firaminista Nawaz Sharif, ta gabatar da wata yarjejeniya kan gidajen Landan mai kwanan watan Fabrairun 2006. Kwamitin bincike ya ce a 2017 an buga ta da salon Calibri, wanda bai shiga kasuwa ba sai Janairun 2007. Kotun ƙoli ta sauke Nawaz Sharif ranar 28 ga Yulin 2017, ko da yake a kan wani dalili daban, na albashin da bai bayyana ba. Ɓangaren Maryam ya kafa hujja da cewa akwai samfurin gwaji na Calibri tun kafin 2007, wanda gaskiya ne, kuma a 2022 babbar kotun Islamabad ta soke hukuncin da aka yanke mata. Wato salon haruffa ya isa ya tayar da tambaya mai ƙarfi, bai isa shi kaɗai ya rufe shari'a ba.

Misalin da ya fi kusa da gida, ya kuma fi tsada, daga Nijar ya fito. Kafin yaƙin Iraƙi an yi ta yawo da wasu takardu da ke nuna wai Nijar ta amince ta sayar wa Saddam Hussein tan 500 na yuraniyom. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoban 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Da takardun suka isa hannun Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ba a daɗe ba aka gano, kuma shugabanta Mohamed ElBaradei ya shaida wa Kwamitin Sulhu ranar 7 ga Maris, 2003 cewa ba na gaskiya ba ne. Kafin nan zancen yuraniyom ɗin Afirka ya riga ya shiga jawabin Bush na Janairun shekarar, kuma ƙasa da mako biyu bayan bayanin ElBaradei aka fara yaƙin. Tsohon akawu a ma'aikatar harkokin waje ta Yamai zai iya kama wannan kuskure da kallo ɗaya, don ya san wanda ya zauna a kujera da shekarar da ya tashi. Ba a tambaye shi ba.

Irin wannan kuskure ne ya bayyana a Abuja a 2018. Jaridar Premium Times ta ruwaito cewa takardar yafe hidimar ƙasa ta Ministar Kuɗi Kemi Adeosun, mai kwanan watan Satumban 2009, tana ɗauke da sa hannun Yusuf Bomoi, wanda ya bar shugabancin NYSC watanni kafin haka. Ta ajiye aiki ranar 14 ga Satumban 2018, ta ce ta hannun wasu amintattu ta samu takardar kuma ba ta san jabu ba ce. A 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ce tun asali ma hidimar ba ta wajaba a kanta ba. Hadiman manya su tsaya a kan wannan gaɓa. Takardar da mai gida bai ma buƙata ba, wani na kusa ya “taimaka” ya samo, ita ta ci kujerar. A Oktoban 2025 Ministan Kimiyya da Fasaha Uche Nnaji shi ma ya sauka bayan rahoton jaridar kan digirinsa da takardarsa ta NYSC, yana mai musanta laifi. Tun 1999 aka fara ganin irin haka, lokacin da mujallar TheNews ta bankaɗo shekaru da digirin Toronto na Kakakin Majalisa Salisu Buhari. Dukkansu sun bi ta hannun masu tantancewa kafin su hau. A ƙananan matakai kuwa, ofishin Shugabar Ma'aikata a zamanin Dakta Folasade Yemi-Esan ya bayyana gano fiye da mutum 1,500 masu takardun ɗaukar aiki na bogi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, Keana kuwa a tsakaninsu take.

Sai dai wannan ilimi wuƙa ce mai baki biyu, kuma a hannun jami'in da ya sani rabi-rabi ta fi yanka marar laifi. Times New Roman tun 1932 aka zana shi don jaridar The Times ta Landan, saboda haka ganinsa a takardar da maɗaba'a ta buga a 1975 ba laifi ba ne. Kamfanin IBM yana da tafireta mai ba haruffa fili gwargwadon faɗinsu tun shekarun 1940, ko da yake ba kowane ofis ke da ita ba, sannan a 1961 ya fito da Selectric mai ƙwallon haruffa da ake cirewa a sauya, wanda ke sa na'ura ɗaya ta yi rubutu iri-iri. Takarda mai sunan Jihar Nasarawa da ke magana kan abin da ya faru a 1979 tana iya zama sahihin madadi da aka bayar bayan gobara ko ambaliya, muddin ranar bayarwar da ke jikinta ta nuna haka. Dole a bambance ranar da abu ya faru da ranar da aka rubuta shaidarsa. Sannan takarda tana iya zama sahihiya ta kowace fuska amma abin da ke cikinta ƙarya. Digirin da ɗan jaridar Daily Nigerian Umar Audu ya samo daga Kwatano cikin mako shida a binciken da aka buga a ƙarshen 2023, makarantar ce ta bayar da shi da hatiminta. Babu gilashin ƙara girma da zai kama wannan.

Wanda ya fi cutuwa da rabin sani shi ne tsohon ma'aikaci mai gaskiya. Dattijo ya taso daga Keana ko Giza ko Kadarko da wasiƙarsa ta 1978, kwafin kabon ce mai dusashe, an soke kalma ɗaya da “xxx”, layin ya karkace. Matashin da ke teburin tantance 'yan fansho, wanda bai taɓa jin ƙarar tafireta ba, ya ga ƙazantar takardar ya yi zargi. Na bayansa ya miƙo tasa fes, haruffa a jere kamar an auna, ta wuce. Alhali a takardar wancan zamani dusashewar da karkacewar su ne alamun gaskiya, tsaftar ce ya kamata ta sa a ɗaga gira.

Lokaci kuma yana ƙurewa ta fuska biyu. Waɗanda aka ɗauka aiki a farkon shekarun 1990, rukunin ƙarshe da yawancinsu tafireta ta buga wa wasiƙa, yanzu suke cika shekara 35, wato yanzu ne takaddama kan ranar fara aikinsu za ta taso. Malamai, ciki har da na makarantun tarayya irin Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Keana, dokar 2022 ta kai su shekara 65 ko 40 a bakin aiki, don haka wasiƙar 1990 za ta ci gaba da aiki har 2030. A daidai wannan lokaci ne masu buga tafireta da tsofaffin ma'aikatan rajista, waɗanda suka san hannun kowane Babban Sakatare da kalar kowane hatimi, suke tattara nasu ya-nasu.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin motar darakta ɗaya ba. Kowace hukuma mai bayar da takarda, tun daga Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da NYSC har hukumomin ma'aikata na jihohi, ta haɗa kundin samfura shekara bi shekara: wane ne ya sa hannu daga wace rana zuwa wace rana, da wane muƙami, yaya saman wasiƙar yake, wane hatimi, wane tsarin lamba, da wace na'ura aka buga. Ga wuri irin Keana, kundin zai buƙaci haɗin kan Lafiya da Jos, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna mai riƙe da fayil-fayil na larduna. Da irin wannan kundi a hannun masu tantancewa, da sa hannun shugaban da ya riga ya bar ofis bai wuce teburin farko ba. Amfaninsa ba zai tsaya a albashi da fansho ba. Tun da NNPC ta fara haƙar rijiyar Ebenyi a maƙwabciyar ƙaramar hukumar Obi a Maris ɗin 2023, ƙasa a wannan yanki ta ƙara daraja, kuma duk inda ƙasa ta yi daraja tsofaffin takardun gona sukan fara fitowa daga ƙarƙashin katifa.

Idan za a ɗauki hoton fayil kuma, a ɗauka da launi, gaba da baya, sannan a adana asalin takardun da haƙƙi ya rataya a kansu: wasiƙar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, shaidar haihuwa ko takardar rantsuwa ta farko da ma'aikaci ya kawo, da kundin tarihin aikinsa. Jami'in da ya ga abin zargi kada ya yanke hukunci a tebur. Ya rubuta wa hukumar da aka ce ta bayar da takardar, domin rajistarta ce mai magana ta ƙarshe, kamar yadda amsar Jami'ar Toronto ta kashe bakin zance a 1999. A ba mai takarda damar kare kansa yadda sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya tanada, idan abin ya kai kotu a kira masani a ƙarƙashin sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011. Hukuncin ƙirƙirar jabu a Kundin Penal Code, wanda ke aiki a Arewa da Abuja, yana kaiwa ɗaurin shekara 14, kuma amfani da ita da sani laifi ne mai zaman kansa. Tuhuma mai nauyin haka ba a gina ta a kan fotokwafi.

Hadimin da aka ba aikin haɗa takardun mai gida kafin tantancewar Majalisar Dattawa shi ma yana da abin yi da bai kai awa ɗaya ba: ya nemi asali, ya juya bayanta, ya duba wanda ya sa hannu ko yana kan kujera a ranar, ya duba ko jihar da hukumar da kuɗin da aka ambata sun wanzu a shekarar. A ɗakunan ajiya na sakatariyoyi da makarantu kuwa har yanzu akwai tafiretoci da ƙura ta rufe, suna jiran ranar gwanjo. Kafin a sayar wa 'yan gwangwan, a zura wa kowace farar takarda, a buga duk haruffanta manya da ƙanana da lambobi, a rubuta lambar jikinta da ofishin da ta yi wa aiki da shekarun, a sa tsohon mai bugun ya sa hannu a ƙasa, a saka a fayil.